Baturen Zaɓe na Aro, Ikonsa na Doka

Safiyar Lahadi, 16 ga Afrilu 2023, ana tsakiyar tattara sakamakon zaɓen cike giɓi na gwamnan Adamawa a Yola, sai kwamishinan zaɓe na jihar, Hudu Yunusa-Ari, ya shiga zauren ya ce Sanata Aishatu Dahiru Binani ce ta ci. Rana ba ta faɗi ba hedikwatar hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, a Abuja ta ce maganar ba ta da tushe. Dalilin da ta bayar shi ne abin lura: ba a gama tattarawa ba, kuma ko da an gama, kwamishinan ya shiga hurumin da ba nasa ba, domin baturen zaɓe kaɗai doka ta ba bakin faɗar wanda ya ci. Bayan kwana biyu baturen zaɓen, Farfesa Mohammed Mele na Jami'ar Maiduguri, ya ƙarasa aikin ya ayyana Ahmadu Umaru Fintiri.

Tsaya ka auna mutanen nan biyu. Kwamishina shugaban ƙasa ne ya naɗa shi, majalisar dattawa ta tabbatar da shi, wa'adinsa shekara biyar, shi ne babban jami'in hukumar a jihar, ma'aikata da motoci da kayan zaɓe duk a hannunsa suke. Farfesan kuwa baƙo ne. An aro shi daga aji na 'yan kwanaki, za a biya shi alawus ya koma bakin allonsa. Amma a wannan zaure, a wannan sa'a, maganar ɗan gida iska ce, ta baƙo ce doka. Yadda aka yi hukuma ta ɗora mafi nauyin ikonta a kan harshen mutumin da ba ma'aikacinta ba, shi ne abin da ya kamata a warware, domin yawancin rigingimun zaɓe da ke ƙarewa a kotu daga nan suke tasowa.

Babu hukumar zaɓen da za ta iya yin zaɓe da hannunta. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce INEC ita ce shugaba da kwamishinonin ƙasa goma sha biyu. Mutum goma sha uku ke nan. A zaɓen 2023 akwai rumfunan zaɓe 176,846 a mazaɓu 8,809 cikin ƙananan hukumomi 774, masu rajista sun haura miliyan 93. Kowace rumfa tana buƙatar shugaban rumfa da mataimaka uku, wato mutum 707,384 tun ba a zo kan masu sa ido da masu tattara sakamako da masu gyaran na'ura ba. Jimillar ma'aikatan wucin gadi ta wuce miliyan guda, alhali ma'aikatan dindindin na hukumar dubu goma sha wani abu ne. Ba wata gwamnati da za ta riƙe mutum miliyan tana biyansu albashi shekara huɗu don aikin Asabar biyu. Saboda haka aron hannu dole ne, kuma duk mai cewa a daina bai zauna ya yi lissafi ba.

Sai dai lauyoyi suna da wata tsohuwar ƙa'ida: wanda aka wakilta ba ya wakilta wani. Hikimarta a fili take. Idan doka ta zaɓe ka ta damƙa maka amana, hankalinka da gaskiyarka ta duba, ba na wanda za ka ga dama ka tura ba. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da wannan magana a babin wakilci: wakili ba ya miƙa abin da aka ɗora masa ga wani sai da izini, in ban da inda aikin ya fi ƙarfin mutum guda, ko bai dace da irinsa ba, a nan sai ya nemi mataimaki. Zaɓe kuwa shi ne ainihin aikin da ya fi ƙarfin mutum guda. Don haka masu rubuta doka suka buɗe ƙofar da kansu. Tsarin mulki ya yarda hukumar ta miƙa duk wani ikonta ga kwamishinan zaɓe na jiha. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ƙara faɗaɗa ƙofar a sashe na 147: hukumar tana iya miƙa ikonta ga kowane jami'inta ko duk wanda aka naɗa bisa dokar, da sharuɗɗan da ta ga dama, kuma miƙawar ba ta hana ta yin amfani da ikon da kanta ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da babu wuya. Abin da ka ba da aro kana iya karɓa. Amma akwai wani zare da mutane da yawa ba sa gani, har da wasu masu sharhi a rediyo. Ikon ma'aikacin wucin gadi ba daga rijiya ɗaya yake fitowa ba. Wani ikon hukuma ce ta ara masa, wani kuma doka ce ta rataya a kan kujerar da ya zauna. Hukuma ce ke zaɓar wanda zai zama baturen zaɓe, gaskiya ne, amma da zarar ya karɓi takardar naɗi ya yi rantsuwar rashin ɓangaranci, ikon cewa wannan ƙuri'a ta lalace, waccan ta yi, wane ne ya ci, daga dokar kai tsaye yake samunsa. Hukumar ba ta taɓa riƙe wannan ikon ba balle ta ce a dawo mata da shi. Ita ta saka masa rigar, amma ba ita ta ɗinka ta ba. Shi ya sa kwamishinan Adamawa, duk girmansa, bai iya aron bakin farfesa ba.

Wannan bambanci ya fito fili a 2019, a zaɓen sanatan Imo ta Yamma. Baturen zaɓen ya ayyana gwamna mai barin gado, Rochas Okorocha, a matsayin wanda ya ci, amma a bainar jama'a ya ce tilasta masa aka yi, yana tsoron ransa. INEC ta riƙe takardar shaidar cin zaɓe ta ƙi bayarwa. Hankali zai ce ta yi daidai: magana da wuƙa a wuya ai ba magana ba ce. Amma a watan Yuni na shekarar Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarce ta da ta miƙa takardar, don dokar lokacin ta ce hukuncin baturen zaɓe shi ne na ƙarshe, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ce kaɗai ke iya taɓa shi. Magana zarar bunu ce, kuma dokar ta mayar da karin maganar gaskiya. Okorocha ya shiga majalisa ya yi shekara huɗunsa.

Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka daga nan mai sauƙi ne kuma mai muni: ba sai ka sayi mazaɓu ɗari ba, ka samu mutum guda a ɗaki guda na minti biyar. In ya faɗa, an gama, sauran sai "a tafi kotu", inda wanda aka ayyana yana kan kujera da kuɗin gwamnati, mai ƙara yana yawo da jakar takardu. Don toshe wannan ne sashe na 65 na dokar 2022 ya ba hukumar kwana bakwai ta sake duba duk wata sanarwa da ta gano an yi ta bisa tilas ko saɓanin doka da ƙa'idojinta.

Gyara ne mai ma'ana, amma kada a yi saurin tafi. Duk ikon da aka cire daga hannun baturen zaɓe, hedikwata yake komawa, kuma tarihi bai nuna cewa hedikwata ta fi mazaɓa tsarki ba. 'Yan Kenya sun ɗanɗana wannan. Kafin zaɓensu na 2017, dokarsu ta ce sakamakon da aka faɗa a mazaɓu na wucin gadi ne, shugaban hukumar zaɓe a Nairobi yana iya tabbatarwa ko gyarawa. Maina Kiai da wasu 'yan rajin kare haƙƙi suka kai ƙara, suna tuna wa kotu abin da ya faru a 2007 lokacin da alƙaluma suka canza kama tsakanin mazaɓa da babban birni, ƙasar ta kama da wuta. A watan Yuni 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sakamakon da baturen zaɓe ya faɗa a kowace daga cikin mazaɓu 290 shi ne na ƙarshe, shugaba ba shi da ikon taɓa lamba ɗaya. Wato Kenya ta gudu daga hedikwata zuwa mazaɓa, Najeriya kuma bayan shekara biyar ta ɗan ja da baya daga mazaɓa zuwa hedikwata. Kowa gudun macijin da ya sare shi yake yi. Ni dai a ganina, ikon sake dubawa na kwana bakwai yana da amfani ne kawai in za a yi shi a fili, da hujja a rubuce, a ji ta bakin ɓangarorin biyu. In a ɗaki za a yi shi, an dai canza wa matsalar adireshi ne.

Bari mu sauko ƙasa, don yawan magana kan farfesoshi yana sa a manta inda ikon ya fi yawa kuma ya fi rauni. Ka ɗauki rumfa guda. Shugabar rumfar yarinya ce 'yar bautar ƙasa, shekarunta ashirin da 'yan kai, an turo ta jihar da ba ta jin harshenta, ta sha horon 'yan kwanaki a wani aji mai cunkoso, ta kwana a kan benci a cibiyar mazaɓa tana gadin kaya. Da safe za ta tantance mai zaɓe da na'urar BVAS, ta yago takardar ƙuri'a, ta juya bayanta ta buga hatimi, ta sa hannu da kwanan wata, ta miƙa. Haka sau ɗari uku, sau ɗari biyar, layi yana hayaniya, tawadar hatimi tana bushewa. Da yamma za ta ɗaga kowace ƙuri'a sama, in dangwalen ya hau layi tsakanin jam'iyyu biyu ita ce za ta ce ta lalace ko ta yi, wakilan jam'iyyu a kanta kowa yana ihu. In ƙuri'un da ke akwati sun fi adadin waɗanda na'ura ta tantance, sashe na 51 na dokar 2022 ya ce ita ce za ta soke zaɓen rumfar baki ɗaya. Sannan ta cike fom ɗin EC8A na sakamakon rumfa, wataƙila da hasken wayar wani, ta rubuta lambobi da haruffa, ta sa hannu. Wannan takarda ita ce tubalin da komai ke hawa a kai har zuwa Abuja.

Cikin abin da ta yi akwai aikin hannu zalla, akwai kuma alƙalanci. Buga hatimi aikin hannu ne. Cewa ƙuri'a ta lalace hukunci ne. Mutane suna ɗauka haɗarin a hukuncin yake kaɗai, amma Kano ta nuna aikin hannun ma yana iya kifar da gwamnati. A zaɓen gwamna na Maris 2023 INEC ta ce Abba Kabir Yusuf ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna 890,705. A ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare 165,663 daga na Abba, bisa cewa takardun ba su da hatimi ko sa hannu ko kwanan wata, sai ya koma 853,939, ta ce Gawuna ne gwamna. Kotun ɗaukaka ƙara ta bi bayanta, sai a ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un. A bar maganar wa ke da gaskiya a siyasance, a dubi tambayar da ke ƙasa: mai zaɓe ya yi layi tun asuba, ya karɓi takardar da jami'in hukuma ya miƙa masa, ya dangwala. In jami'in ya yi sakaci da bayan takardar, wa ya kamata ya biya? Dokar 2022 da kanta ta hango wannan, don sashe na 63 ya ce ƙuri'a marar alamar hukuma ba a ƙirga ta, amma in baturen zaɓe ya gamsu cewa daga kundin da aka ba rumfar ta fito, sai ya ƙirga. Ga shi an sake komawa ga gamsuwar wani ma'aikacin aro don gyara sakacin wani ma'aikacin aro.

Wani lokacin kuma rigimar ita ce, tsakanin ma'aikatan aron kansu, wa ke da wane iko. A zaɓen gwamnan Osun na Satumba 2018 Ademola Adeleke yana gaban Gboyega Oyetola da ƙuri'a 353 kacal, aka ce zaɓe bai kammala ba saboda rumfuna bakwai da aka soke, aka sake zaɓe a cikinsu, Oyetola ya wuce. A Maris 2019 mafi rinjayen alƙalan kotun zaɓe suka ce baturen zaɓe na jiha ba shi da hurumin soke sakamakon rumfa, wannan aikin shugaban rumfa ne, don haka zagaye na biyun ba shi da tushe. Kotunan sama sun rushe hukuncin, amma abin da Kotun Ƙoli ta dogara a kai shi ne alƙalin da ya rubuta hukuncin bai halarci wani zama ba. Kujerar gwamna guda ta rataya a kan tambayar wane jami'in wucin gadi ne ke da ikon jan layi a kan takarda.

Akwai kuma abin da bai kamata ya bar hannun kwamishinoni ba ko kaɗan. A Malawi, ranar 3 ga Fabrairu 2020, kotun tsarin mulki ta soke zaɓen shugaban ƙasa na Mayu 2019. Abin da duniya ta riƙe shi ne farin ruwan goge rubutu, Tipp-Ex, da aka shafe takardun sakamako da shi. Amma cikin laifuffukan da kotun ta kama hukumar da su har da cewa kwamishinoni sun sakar wa babban jami'in zaɓe da ma'aikata aikin warware ƙorafe-ƙorafe, alhali wannan aiki ne mai kama da shari'a wanda su aka ɗora wa. Kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da hukuncin a watan Mayu, aka sake zaɓe a Yuni, Lazarus Chakwera ya kayar da Peter Mutharika. Ma'aunin da za a ɗauka daga nan shi ne: duk aikin da ya yi yawa saboda faɗin ƙasa, kamar ƙirga da tattarawa, dole ya sauka ƙasa, duk aikin da aka ba hukuma saboda ita aka tantance aka rantsar aka ba kariyar wa'adi, kamar kafa ƙa'ida da yanke ƙorafi, ba yawan aiki ne zai halatta jefar da shi ba.

Yanzu ga inda nake ganin ɓarakar ta fi girma, kuma ba a cika maganarta ba. Iko yana sauka ga ma'aikacin wucin gadi cikakke, amma igiyar da hukuma ke riƙe shi da ita gajera ce ƙwarai. Ma'aikacin dindindin yana da abin tsoro: ƙarin girma, fansho, takardar tuhuma, kora. Na aro fa? Albashinsa a jami'a yake ko a hukumar bautar ƙasa. INEC ba ta iya rage masa matsayi, ba ta iya dakatar da shi daga aikinsa na ainihi. Abin da ke hannunta shi ne ta riƙe alawus, ta cire sunansa daga jerin gaba, ko ta kai shi kotu. Na farko da na biyu ba sa tsorata wanda aka yi wa tayin abin da ya ninka alawus ɗin sau ɗari. Ko a shari'ar zaɓe ma ba a cika ganin fuskarsa ba, don sashe na 133 na dokar 2022 ya ce ba sai mai ƙara ya haɗa da jami'in da yake ƙorafi a kansa ba, hukumar ce za ta tsaya a madadin kowa. An yi haka ne don kada takardar ƙara ta cika da sunaye dubu, kuma dalili ne mai kyau, amma sakamakonsa shi ne a soke zaɓe saboda aikin wani, shi kuwa yana gida yana jin labari a rediyo.

Indiya, wadda ta fi kowa yawan masu zaɓe, da rumfuna sama da miliyan guda a 2024, ita ma da ma'aikatan aro take zaɓe: malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati, har da manyan jami'an gundumomi. Amma dokarta ta wakilcin jama'a ta 1951, a sashe na 28A, ta ce daga ranar da aka sanar da zaɓe har a faɗi sakamako, duk jami'in da aka sa aikin zaɓe, har 'yan sandan da aka ware, ana ɗaukarsa ya koma ƙarƙashin hukumar zaɓe, ita ke ba shi umarni kuma ita ke ladabtar da shi. Tana iya sa a dakatar da shi, tana iya ɗauke shi daga wurin. Abin da ya yi ranar zaɓe yana binsa ofishinsa. Birtaniya ta bi wata hanya daban. Hukumar zaɓenta ba ta gudanar da zaɓe ma sam. Baturen zaɓe yawanci babban jami'in ƙaramar hukuma ne, kuma alhakin a wuyansa yake shi da kansa, majalisar da ta ɗauke shi aiki ba ta da ikon ba shi umarni a kan zaɓe, in ya yi sakaci da sunansa za a neme shi. Hanyoyi biyu ne masu nisa da juna, amma a duka biyun mai riƙe da ikon yana da abin da zai rasa, kuma an san inda za a same shi bayan an kwashe akwatuna.

Ba a banza Najeriya ta koma ga jami'o'i da 'yan bautar ƙasa ba, ya kamata a yi adalci a nan. Bayan zaɓen 2007, wanda shi kansa Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya ci shi ya amsa cewa yana da naƙasu, jama'a ba su yarda da ma'aikatan hukumar ba, ba su kuma yarda da ma'aikatan jihohi da ke cin albashi a hannun gwamnoni ba. Farfesa Attahiru Jega, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU kuma tsohon shugaban Jami'ar Bayero, da ya karɓi hukumar a 2010 sai ya nemi mutanen da ba na gwamna ba, masu sunan da za su ji kunyar ɓatawa, da matasan da baƙi ne a inda aka tura su. Lissafin shi ne baƙunta da mutunci su tsaya a madadin igiyar ladabtarwa. Ya yi aiki gwargwado. Amma baƙunta takobi ce mai kaifi biyu: wanda ba shi da dangi a gari ba shi da wanda zai matsa masa, haka kuma ba shi da wanda zai tsaya masa. A tarzomar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilu 2011 an kashe 'yan bautar ƙasa kimanin goma a jihar Bauchi. Duk mai neman yarinyar can ta rumfa ta ƙi sa hannu a takardar ƙarya ya fara tambayar kansa wa zai raka ta zuwa cibiyar tattarawa da daddare. Hukuma ba ta da 'yan sandan kanta. Su ma na aro ne.

Wasu suna ganin na'ura ce mafita, kuma da gaskiyarsu ta wani gefe. Abin da BVAS ta yi shi ne rage faɗin filin da jami'i ke da shi na yin yadda ya ga dama. Sashe na 64 na dokar 2022 ya ce mai tattara sakamako ba zai karɓi takarda ba sai ya gwada ta da adadin da na'ura ta tantance da kuma sakamakon da aka aiko daga rumfa. Wannan ya fi wa'azi amfani, don yana mayar da hukunci ya zama lissafin da kowa zai iya bi. Amma na'urar ma a hannun ɗan wucin gadi take, shi ke ɗaukar hoton fom ɗin, kuma an ga abin da ya faru ranar 25 ga Fabrairu 2023 da sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa IReV, shafin intanet da hukumar ke saka sakamakon rumfuna, a kan lokaci. Ga kuma kamfanonin da ke haɗa manhaja da direbobin ƙungiyar NURTW da ke jigilar kaya, waɗanda doka ba ta ba su ikon komai ba, amma in direba bai fito da asuba ba rumfa ba ta buɗewa.

Abin da ya rage a hannun hukuma, ke nan, shi ne kotun laifi, kuma a nan ma ita doka ta ɗora wa gurfanarwa, alhali ba ta da ikon kamu ko bincike. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais tun 2008 ya ba da shawarar a kafa hukuma ta daban don laifukan zaɓe. Sau nawa aka ga hukunci ya hau kan babban jami'in aro? Misalan da ake ambata daga Akwa Ibom suke, kuma sun yiwu ne don kwamishinan jihar na lokacin, Mike Igini, ya nace. Farfesa Peter Ogban na Jami'ar Kalaba, baturen zaɓen sanatan Akwa Ibom ta Arewa maso Yamma a 2019, an same shi da laifin sauya alƙaluma, aka yanke masa shekara uku a watan Maris 2021. Farfesa Ignatius Uduk na Jami'ar Uyo, wanda ya yi aiki a zaɓen ɗan majalisar jiha na Essien Udim a wannan shekarar ta 2019, shi ma shekara uku aka yanke masa, amma sai a Fabrairu 2025 hukuncin ya fito. Kujerar da aka yi rigimar a kanta wa'adinta ya ƙare tun 2023, an sake wani zaɓen, an sake aro wasu farfesoshin.